Sharhi kan takalmin but mai hana ruwa ga mai faffaɗar ƙafa

Kuskuren da mai faffaɗar ƙafa ya fi yi wajen sayen but shi ne ƙara lamba. Takalmi ya matse shi a 42, sai ya ce a miƙo masa 44. To, a ma'aunin Turai lamba ɗaya tsawo take ƙarawa, kashi biyu cikin uku na santimita, faɗin da ke biyo ta kuwa kaɗan ne ƙwarai. Sai a wayi gari gaban takalmi ya yi fili, gefe yana nan a matse, dunduniya tana fita tana komawa a kowane taku har ta yi bororo. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani da wuri. Kowane but an ƙera shi ya lanƙwashe daidai gaɓar babban yatsa. Idan ya yi maka tsawo, lanƙwasar sai ta faɗo a kan yatsu, fatar takalmin ta karye a wurin da ba nata ba.

Abin nema shi ne faɗi, kuma a rubuce yake a jikin takardar da ke bayan harshen takalmi. A ma'aunin Amurka, na maza D shi ne matsakaici, EE ko 2E mai faɗi, 4E mai faɗi sosai. Na mata B ne matsakaici, D mai faɗi. Wasu kamfanonin W kawai suke sawa bayan lamba. Tsakanin mataki da mataki kamar rabin santimita ne, amma wannan ɗan rabin shi ke raba tafiyar yini cikin kwanciyar hankali da ɗingishi tun azahar.

Ka auna ƙafarka da yamma, don ƙafa tana kumbura idan an wuni a kanta. Sa safar da za ka yi tafiya da ita, ka tsaya a kan takarda da dukkan nauyinka, wani ya zagaya ta da biro a tsaye. A auna duka biyun, a bi wadda ta fi girma. A shago kuwa gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka zaro shimfiɗar cikin takalmin, ka ajiye ta a ƙasa, ka taka. Idan naman gefen ƙaramin yatsa ya zubo waje, mayar musu da abinsu, komai daɗin da mai shago ya ce zai yi in ya saki. A gaban yatsa mafi tsawo a bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu, santimita 1 zuwa 1.5, saboda gangara.

Maganar "zai saki" tana da gaskiya a takalmin fata zalla, wanda shumeka zai iya buɗa shi. But mai hana ruwa ba haka yake ba. A cikinsa, tsakanin fata da yadin da ke taɓa safa, akwai wani siririn tantani da aka ɗinka kamar safa, aka liƙe bakin ɗinkin. Mafi shahara shi ne Gore-Tex, wanda ya samo asali daga binciken Bob Gore a 1969: ƙofofinsa sun yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta, amma tururin gumi yana iya ratsa su. Wannan tantani ba ya miƙewa yadda fata ke yi, robar da aka zagaye bakin yatsu da ita ma haka. Faffaɗar ƙafa a matsattsen but tana goga tantanin a wuri ɗaya, gefen ƙaramin yatsa, sau dubbai a yini. Nan yake fara hujewa. Na taɓa yanka wani tsohon but da ya fara shan ruwa tun fatarsa tana sheƙi, na tarar da tantanin ya sile a daidai wannan wuri, faɗin ƙwayar gyaɗa, sauran jikinsa lafiya lau. Mutum sai ya ce kamfani ya cuce shi, alhali faɗi ne bai saya ba.

Uku na taka damina da su, duka masu faɗi, duka masu rufe idon sawu.

Keen Targhee shi ne wanda nake fara nuna wa duk wanda yatsunsa suka baje kamar mafici, irin ƙafar da ta girma a silifa. Gabansa a zagaye yake, ko matsakaicinsa ya fi na yawancin kamfanoni fili, kuma yana da robar kare yatsu mai kauri wadda ke amfani a kan duwatsu irin na Shere a Filato. Tantaninsa na kamfanin ne, KEEN.DRY. Wanda ƙafarsa ke da faɗi a gaba amma dunduniyarsa siririya ce, ya kula da ɗaurin igiya sosai.

Merrell Moab 3 shi ne mafi saurin sabo da ƙafa, kusan daga kwali sai hanya. Fata ce haɗe da raga, ƙasansa na Vibram, kamfanin da ke ƙera robar ƙasan takalmi, ba shi da nauyi. Na hanyar da aka riga aka taka ne da kaya marasa nauyi. Raga da ƙarangiya ba sa shiri, don haka ba shi zan ba maharbi mai ratsa ciyawa da sarƙaƙiya ba.

Lowa Renegade GTX (GTX na nufin Gore-Tex) shi na fi yarda da shi a doguwar tafiya da jaka a baya. Ana yin sa da faɗi iri uku, siriri, matsakaici da mai faɗi. Jikinsa fata ce, yana riƙe dunduniya da tsakiyar ƙafa gam ya bar wa yatsu wuri. Ya fi sauran biyun tsada, kuma yana son a ba shi kamar mako guda na gajerun tafiye-tafiye kafin a hau dutse da shi. Wanda gaɓar babban yatsansa ta turo gefe, ya nemi ƙirar Bunion ta kamfanin Hanwag, an yi ta ne musamman don wannan. Meindl ma yana da jerin Comfort Fit masu faffaɗan gaba.

Takalman farauta na Amurka irin su Danner Pronghorn suna zuwa da EE, tsayinsu inci 8, abin da ke da amfani a fadama da doguwar ciyawa mai raɓa. Amma a lura da lambar da ake rubutawa a jikinsu, 400g, 800g, 1200g. Wannan nauyin shimfiɗar ɗumi ne, don masu zaman jiran barewa a cikin ƙanƙara. A ƙasarmu, ko sanyin Mambila bai kai a nemi wannan ba. Ka zaɓi marar shimfiɗar ɗumin, don bayan zafin da take tarawa tana cinye filin da faffaɗar ƙafa ke buƙata. Kuma kada tsayin but ya ruɗi kowa game da maciji. Wanda ba a ƙera shi don sara ba, ba garkuwa ba ne daga kububuwa. Akwai abin ɗaura wa ƙwauri na daban da aka yi don haka.

Ruwa kuma iyakarsa inda harshen takalmi ya rabu da jiki. Buɗe igiya ka duba: idan ɗinkin da ya haɗa harshe da gefe ya tsaya a ƙofar igiya ta huɗu, to nan ne zurfin ruwan da za ka iya shiga, ko da wuyan but ɗin ya kai ƙwauri. In ruwa ya zubo ta sama, tantanin da ke hana shi shiga shi ne zai hana shi fita, sai a yi kwana biyu ana shanya.

Dole in faɗi wata gaskiya game da zafi. Tantanin yana fitar da gumi ne idan waje ya fi ciki sanyi da bushewa. A watan Agusta, iska cike da laima, fitar ba ta da yawa, ƙafa za ta jiƙe da zufarta. Safar auduga tana ƙara dagula lamarin don tana riƙe ruwa. A nemi ta ulu siririya ko ta zaren roba, a tafi da biyu, a sauya da rana. Da rani kuwa, but marar tantani ya fi.

Masu sayen gwanjo, ga abin dubawa. Manyan takalman Turai da yawa tsakiyar ƙasansu na wata roba ce da ake kira PU. Tana da juriya in ana takawa, amma in ta yi shekaru a ajiye laima tana cin ta daga ciki, sai ka ga but kamar sabo, a tafiyar farko ƙasan ya ɓare ya zama gari. Danna farce a gefen robar, ka murɗa takalmin da hannu biyu. In ta yi danƙo, ko ta tsage, ko ta bar gari a yatsa, bar shi ko nawa aka yi maka ragi, don gam ba ya kama ta.

Ɗaurin igiya yana gyara abin da ya rage. Idan bayan ƙafa ne ke ciwo, tsallake ƙofa ɗaya a daidai wurin, ka miƙar da igiyar sama ba tare da giciye ba. Ƙofofin ƙasa a bar su sakwa-sakwa, a yi nannaɗe biyu a daidai lanƙwasar idon sawu, sannan a ja na sama da ƙarfi, dunduniya ta zauna.

Bayan kowace fita a wanke taɓo da buroshi da ruwa, a zaro shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida, a ajiye a inuwa mai iska. Kusa da murhu ko tsakar rana suna busar da fata su saki gam. Man kaɗanya da man gyaɗa suna toshe fatar su hana gumi fita. A yi amfani da abin fesawa irin na Nikwax idan an ga ruwa ya daina gangarewa ya fara zama a jikin fata. Sabon but kuma, kafin ranar tafiya, a cusa masa busasshiyar takarda, a tsayar da shi a roba mai ruwa ƙasa da ɗinkin harshe na minti 30, a zaro takardar a duba ta wajen ƙaramin yatsa.