Cizon kare a takardar jarrabawa: me ake so daga nas, da likita, da likitan dabbobi?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce kina shirin jarrabawar Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya, yayanki yana ajin ƙarshe na likitanci, ƙawarki kuma tana karatun likitan dabbobi a Zariya. Kina tambaya ko yin bita tare da su zai amfane ki ko zai rikita ki, tun da cututtukan da kuke karantawa kusan ɗaya ne.

Zai amfane ki, amma da sharaɗi. Cuta ɗaya ce, tambaya ba ɗaya ba ce. Bari mu ɗauki cutar da ku ukun ba za ku tsallake ta ba, wato ciwon haukan kare, mu ga abin da mai gyaran takarda yake nema a wurin kowannenku.

Ga abin da kuka haɗu a kai. Bairas ne, wato wata ƙwayar cuta, yake kawo ta, yana cikin miyan dabba, yana shiga ta cizo ko yakushi, sannan ya bi jijiya a hankali har ya kai ƙwaƙwalwa. Shi ya sa cizon fuska, wuya ko yatsu ya fi na ƙafa gaggawa. Yawanci sai bayan wata biyu zuwa uku alamomi ke fitowa, ko da yake suna iya fitowa cikin mako guda ko su kai shekara. Idan suka fito, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duk ta hanyar kare ne. Wannan ku haddace shi tare. Daga nan hanya ta rabu.

A ce tambayar ita ce: an kawo yaro ɗan shekara bakwai, kare ya cije shi a hannu, jini ya fita.

Ke nas, abin da ake so a gani shi ne me hannunki zai fara yi. Amsar ita ce wanke ciwon da ruwa mai gudana da sabulu na minti 15, sannan a shafa aidin. A tambayoyin zaɓi-ɗaya ana jera miki allurar rigakafi, da kiran likita, da ɗaure ciwo, da wanki, a ce wanne ne na farko. Duk huɗun suna da kyau a ido, amma wankin ne. Ɗalibai da yawa suna zaɓar allura saboda ta fi kama da aikin asibiti, nan maki yake zubewa. Bayan wanki sai inda za a soka allurar: damtse ga babba da yaro irin wannan, gaban cinya ta gefe ga jariri. Ba a yin ta a ɗuwawu, domin kitsen wurin yana rage mata ƙarfi. Ba a gaggawar ɗinke ciwon. A duba ko yaron yana da rigakafin tetanus, wato ciwon sarƙe haƙora. Sannan, kuma nan ne jarrabawarku ta bambanta sosai, za a nemi ki tsara kulawa mataki biyar kamar yadda aka koya muku: binciken hali, gano matsala, shiri, aiwatarwa, sake dubawa. Matsalar da za ki rubuta ba sunan cutar ba ce. Za ki rubuta raɗaɗi, lalacewar fata, haɗarin ciwo ya ruɓe, tsoron da ya kama yaro da uwarsa, da ƙarancin sanin iyaye game da ranakun dawowa. Idan kika rubuta "ciwon haukan kare" a gurbin nan, kin amsa takardar yayanki ne, ba taki ba.

Shi yayan naki, hukunci ake nema a wurinsa. Cizon nan wane mataki ne a cikin uku? Na ɗaya, an taɓa kare ko ya lashi lafiyayyar fata: wanki kawai. Na biyu, ɗan gatsa ko ƙarzane marar jini: wanki da allurar rigakafi. Na uku, haƙori ya huda fata, ko miyau ya taɓa buɗaɗɗen ciwo, ido ko baki: wanki, allura, da kuma imunogulobulin, wato garkuwar da aka riga aka haɗa wadda ke tare bairas kafin jiki ya yi tasa. Yaronmu yana mataki na uku. Za a sa shi lissafi: wadda aka samo daga jinin mutum ma'auni 20 ne a kowane kilo, ta doki 40, kuma a cikin ciwon da kewayensa ake zuba ta. Idan ba a samu ba ranar farko, ana iya bayarwa har kwana bakwai bayan allurar farko, daga nan ba ta da amfani.

Jadawalin allurar ma wuri ne da ake kama ɗalibai, domin tsofaffin littattafai suna da guda biyar a ranakun 0, 3, 7, 14 da 28. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta taƙaita: ko dai a cikin fata, wuri biyu, a ranakun 0, 3 da 7, ko a tsoka guda huɗu, 0, 3, 7 da ɗaya tsakanin 14 da 28, ko biyu a ranar farko, ɗaya ranar 7, ɗaya ranar 21. Ke ma za a iya tambayar ki wannan, don haka ki tambayi malaminku wanne makarantarku take bi kafin ki shiga zaure. Juna biyu ba ya hana allurar. Wanda ya taɓa kammala ta a baya ba ya buƙatar imunogulobulin, allura ranar 0 da ranar 3 ta ishe shi.

Akwai kuma ɓangaren da ya fi zama nasa shi kaɗai: maras lafiya ya zo da alamomi, me kuma zai iya zama? Mai fisge-fisge da tsoron ruwa, wanda maƙogwaronsa ke shaƙewa ko iska ce ta buga masa fuska, ba shi da wuyar ganewa. Amma kusan ɗaya cikin biyar shanyewar jiki suke zuwa da ita, a ɗauka Guillain-Barré ce, wata cutar jijiya mai shanye jiki, ko shan-inna. Dole ya ambaci maleriyar da ta hau kai, sanƙarau da tetanus, ya faɗi abin da ya raba su. Gwajin mai rai kuwa miyau ne, da ɗan yankin fatar ƙeya, da ruwan laka.

Ƙawarki kuwa, tata ce ta fi ba ni sha'awa, domin a takardarta yaron ba shi ne maras lafiya ba. Tambayarta ita ce: ina karen? Idan yana raye kuma ana iya kama shi, a killace shi kwana 10. Dalili shi ne karen da bairas ya riga ya sauko miyansa zai nuna alama ko ya mutu cikin wannan lokaci. Idan ya wuce lafiya, ana iya dakatar da allurar yaron. Ki lura da kyau: dakatarwa aka ce, ba jira ba. Ba a zaunar da yaro babu allura ana kallon kare. Wannan jimla ɗaya tana fitowa a takardun ku ukun, kowa da irin tarkon da ake ɗana masa.

Idan karen ya mutu ko an kashe shi, ƙwaƙwalwarsa ake buƙata. A nan al'adarmu take ɓata aiki, domin da an ce mahaukacin kare sai samari su bi shi da sanda, kuma kan ake fara fasawa. Za a tambaye ta yadda ake cire kai da safar hannu da kariyar fuska, a sa shi cikin ƙanƙara, ba cikin fomalin ba, wato sinadarin da ke hana nama ruɓewa, a tura ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Gwajin da aka fi dogara da shi shi ne wanda ake sa wa naman ƙwaƙwalwa sinadari mai ƙyalli a duba a madubin likita. Ɗigon nan na cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da Adelchi Negri ya bayyana a 1903 har yanzu malamai suna son tambayarsa, amma rashin ganinsa ba ya wanke kare, kuma abin da ake so ta rubuta ke nan.

Sannan ita ba ta da dabba ɗaya. Kare ba ya tsoron ruwa irin na mutum. Sauyin hali ake gani, muryar haushi ta canza, muƙamuƙi ya saki, ko ya riƙa cin itace da tsumma. Saniya kuwa kuka take yi da dusasshiyar murya, miyau na dalala, tana yunƙuri kamar mai son kashi. Makiyayi sai ya zaci wani abu ne ya maƙale mata, ya cusa hannu a bakinta. Mai karatun dabbobi da bai ambaci wannan haɗari ba ya bar maki a ƙasa. Magani babu, ba a ma gwadawa. Amsarta tana ƙarewa ne a kan gari gaba ɗaya: sanar da hukuma, gano sauran dabbobin da aka ciza, da yi wa karnuka rigakafi, domin idan aka samu kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, yaɗuwar tana yankewa.

To, shawarata: ku zauna tare, amma kada ku yi musayar littafin rubutu. Ku ɗauki labarin maras lafiya guda, kowa ya amsa a takardarsa cikin minti goma ba tare da leƙen na wani ba, sannan kowa ya karanta, sauran biyun su yi masa tambayar da ta fi ba shi haushi. Ki bar yayanki ya bayyana miki dalilin abu, domin abin da aka fahimci dalilinsa ya fi zama a ka, amma kada ki bi shi cikin jerin cututtuka masu kama da juna har lokacinki ya ƙare. Jarrabawar aikin hannu tana jiranki, inda za a tsaya a kanki ana duba ko kin wanke hannu, kin gabatar da kanki, kin nemi izini, kin rubuta abin da kika yi. Wannan sai da 'yan ajinku za ki maimaita shi. Idan kun gama da kare, tarin fuka da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, su ma suna karɓar irin wannan zama, tun da dukansu suna ratsawa daga shanu zuwa mutum ta ɗanyar madara.