Kafintan da ya ɗaure mana rufi a unguwar Aboabo, Kumasi

Hadarin watan Maris ne ya yaye mana kwano, ko minti goma bai yi ba. Muna shirin Magariba muka ji ƙara kamar an kifar da tirela, da muka fito sai ga kusurwar rufin ɗakin Hajiya har da katakonta a tsakar gidan maƙwabta. Tsakiyar rufin kuwa ko gezau.

Abin ya ɗaure mini kai, sai da ɗan ƙanwata mai karatun injiniya a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ya zo jaje. Ya ce, "Kawu, iskar hadari daban take. Daga gajimare take faɗowa, ta daki ƙasa ta watsu, kamar ka juye bokitin ruwa a siminti." Ya nuna mini bidiyon wani ɗakin gwaji a Kanada, WindEEE Dome na Jami'ar Western, mai fanka 106, inda ake sako irin wannan iskar a kan ƙananan gidajen gwaji a auna nauyinta. Ashe tsotse rufi take yi sama, kuma ta fi cin gefe da kusurwa. Idan gudunta ya ninka biyu, ƙarfinta ninki huɗu yake yi. Ni dai na fahimci bokitin.

Ɗan ƙanwar tawa ne ya haɗa ni da wani kafinta daga unguwar Asawase, kuma a kansa nake wannan rubutu. Bai taɓa jin labarin Kanada ba, amma yana hawa sama kusurwar ya nufa. Ya zaro ƙusa ɗaya da yatsu biyu ya miƙo mini, sumul, ramin ya ruɓe. Ya ce, "Alhaji, katakon wawa aka sa maka." Sunan icen ke nan a Ghana, amma na ji kamar da ni yake.

Ya canja katakon da mai tauri, ya ɗaure kowane ɗaya da langa-langa a jikin kankaren saman bango. Ya sa ƙusa mai murɗi da roba a wuyanta, ya matse tazararsu a gefuna fiye da tsakiya, ya kuma rage leɓen rufin da ke leƙowa waje. Bulullukan da muka jera a sama tun zamanin Baba duk ya sauke, wai ranar da suka tashi kan mutum za su sauka.

Inda ya ɓata mini rai shi ne alkawari. Kwana uku ya ce, muka kwashe tara, Hajiya tana kwana ƙarƙashin leda. Kuɗinsa ma ya kusa ninka na kafintocin layinmu, kuma yaransa sun bar ƙusoshi birjik, jikata ta taka ɗaya.

Duk da haka zan sake kiransa. An yi hadari biyu masu ƙarfi tun lokacin, na tsaya a baranda ina kallon kusurwar nan, ba ta ko yi ƙara ba. Mai son ɗaukarsa ya riƙe rabin kuɗin sai an share gida.