Ƙwaya 16, 44 ko 96? Ryzen 9, tsohon Xeon na sabar da Threadripper gefe da gefe

Ɗan'uwa na ga tambayarka tun jiya, zama ne ban samu ba sai yanzu. Ka ce kana son haɗa kwamfutar da za ka riƙa gyaran bidiyo da ita, ka yi renda (wato kwamfuta ta fitar da cikakken hoton zanen 3D) a manhajar Blender, wani lokaci ka kunna VM (kwamfutar kwaikwayo da ke gudana a cikin ta gaske) biyu ko uku, kuma ka rasa purosesar (CPU) da za ka ɗauka tsakanin Ryzen 9 9950X mai ƙwaya 16, da wata tsohuwar sabar da aka yi maka tayi mai Xeon E5-2699 v4 guda biyu wato ƙwaya 44, sai kuma Threadripper da kake ta jin ana kambamawa. Ka rufe da cewa "ai 44 ta fi 16 ko?" To a lissafin firamare haka ne. Af, abin da ake rubutawa core a jikin kwali, wato kowane ɓangaren purosesa da ke iya yin nasa lissafin shi kaɗai, shi nake ce wa ƙwaya, kar wani ya ɗauka ta masu shaye-shaye ce.

Bari in fara da abin da ya fi ba ni mamaki lokacin da na fara bin wannan harkar. In aka ɓanɓare murfin ƙarfen da ke kan 9950X, gutsattsarin silikon uku za ka gani. Biyu ƙanana, kowanne da ƙwaya 8 da ma'ajiyar kusa ta L3 mai 32MB, sai na uku ɗan babba wanda babu ƙwaya ko ɗaya a cikinsa, aikinsa kawai shi ne magana da RAM da katin girafik da sauran abin da aka jona. Yanzu buɗe Threadripper PRO 7995WX, irin waɗannan ƙananan ne dai amma guda 12 sun kewaye wani ƙato a tsakiya, 12 sau 8 ya ba ka ƙwaya 96, 12 sau 32 ya ba ka 384MB. Buɗe EPYC 9654 na sabar, nan ma 12 ɗin ne. Waɗannan biyun ƙirar AMD ce ta ƙarnin Zen 4, 9950X kuma Zen 5, amma tsarin ɗaya ne, tun 2019 da Zen 2 AMD ke wannan haɗe-haɗen. Kaga kenan ba wata ƙwayar sihiri ake sa wa sabar ba, 'yan gida ɗaya ne. Bambancin yana wuri biyu: wutar da kowace ƙwaya ke samu, da yawan hanyoyin da wancan ƙaton na tsakiya ya buɗe.

Wutar dai lissafinta a fili yake. 9950X wat 170 aka rubuta masa, raba wa ƙwaya 16, kowacce ta tashi da sama da wat 10, shi ya sa take iya zabura har 5.7GHz. EPYC 9654 wat 360 ne amma baki 96 ke jira, ko wat 4 ba ta isa kowa, iyakar gudunsa 3.7GHz. Threadripper ɗin yana tsakiya, wat 350, in ƙwaya kaɗan ke aiki zai iya taɓa 5.1GHz, in duka suka tashi sai gudun ya sauko sosai, 2.5GHz ne ma aka rubuta a matsayin gudunsa na tushe. Kuma ba rowa ba ce, zafi ne. Tun wajen 2004 da Pentium 4 ya kai 3.8GHz aka ga ƙara gudu yana cin wuta fiye da abin da yake bayarwa, shi ne a 2005 aka koma ƙara ƙwaya da su Athlon 64 X2 da Pentium D.

To ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma fa sai in aikin yana rabuwa. Sharar fili mutum 40 za su gama kafin ka kifta ido, amma haƙar rijiya mutum ɗaya ne a ƙasa ko da 39 na tsaye a baki suna ba da shawara. Wani injiniya Gene Amdahl ya yi wannan lissafin tun 1967. A ce kashi 10 cikin 100 na aikinka ba ya rabuwa, dole ƙwaya ɗaya ta yi shi bi da bi. Da ƙwaya 16 aikin zai yi sauri ninki 6.4, da ƙwaya 96 ninki 9 da ɗan ɗoriya, kuma ko ƙwaya dubu ka zuba ba za ka wuce ninki 10 ba. Ka ninka ƙwaya sau 6 amma ko rabin abin da kake da shi ba ka ƙara ba, wannan ma in an ɗauka gudunsu ɗaya ne, alhali mun ga ba ɗaya ba ne.

Ka gwada da kanka yau da kwamfutar da ke hannunka. Buɗe Task Manager, shiga wajen CPU, danna dama a kan zanen ka sa ya nuna maka kowace ƙwaya da ɗan akwatinta. Sai ka je ka riƙa jan bidiyo gaba da baya, ka yanka, ka sa rubutu, ka dawo ka leƙa. Yawanci akwati biyu ko uku ne za ka ga sun cika har wuya, sauran suna ta gyangyaɗi. Sannan ka sa Blender ya yi renda da CPU, nan take duka za su cika fal. Photoshop, AutoCAD, wasannin gem, jan bidiyo a layin gyara, duk haƙar rijiya ne galibi. Renda, matse bidiyo da manhaja zalla, harhaɗa babbar manhaja, VM masu yawa, su ne sharar fili.

Yanzu tsohuwar sabar ɗinka. E5-2699 v4 na 2016 ne, ƙwaya 22 kowanne, 2.2GHz na tushe, 3.6GHz in ya yi iya yinsa. Kuma ba gudun kaɗai ba, aikin da ƙwayar 2016 ke yi a bugu ɗaya bai kai na ƙwayar 2024 ba, in ka haɗa biyun ƙwaya ɗaya ta 9950X ta ninka ta. Ma'ana duk aikin da ba ya rabuwa za ka zauna jira, a rendar ma da kake tunanin nan za ta yi fice 44 ɗin ba za su ba 16 ɗin wata tazarar kirki ba. Ga wani abu da ba a cika faɗa ba: purosesa biyu a madabod ɗaya kowanne da RAM ɗinsa, in ƙwayar wannan ɓangaren tana son abin da ke RAM ɗin wancan sai ta bi ta gidan maƙwabci, ana ce masa NUMA, manhajojin sabar sun san da zamansa amma na gyaran bidiyo da yawa ko oho. Windows 11 ma bai sa wannan purosesar a jerin waɗanda yake tallafawa ba, Windows 10 kuma an daina yi masa sabuntawar yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, sannan bugun Home ma purosesa ɗaya kawai yake gani.

Ni na taɓa ajiye irin wannan sabar a ɗaki kuma wallahi ban ƙara ba. Kana danna maɓalli fankokin nan ƙanana su ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi, allo ya yi baƙi na mintuna tana duba RAM ɗaya bayan ɗaya, kai kana zaune kana tunanin ko ta mutu ne. An ƙera ta ne don ɗaki mai sanyi da ba kowa a ciki, a kunna ta yau a manta da ita shekara uku, mai kula da ita ma daga nesa yake shiga ta wata 'yar kwamfutar da ke manne a madabod ɗin, ko da sabar ɗin a kashe take. Duk abubuwa ne masu kyau, kai dai ba ka da buƙatarsu.

Inda Threadripper da EPYC suka yi wa Ryzen fintinkau da gaske shi ne hanyoyi, kuma nan ne ya kamata ka tsaya ka yi tunani. Ryzen hanyar RAM biyu gare shi, da DDR5-5600 kusan 90GB ke wucewa a daƙiƙa. Threadripper 7980X mai ƙwaya 64 hanya 4, na PRO hanya 8 wato sama da 330GB, EPYC 9654 hanya 12 wajen 460GB. Abin dariya in ka raba wa ƙwayoyin, kowace ƙwayar Ryzen 5.6GB take samu, ta EPYC 4.8GB, kaga hanyoyin nan 12 ba alfahari ba ne, ciyar da baki 96 ne kawai. Tsohon Xeon ɗinka kuwa hanya 4 ce ta DDR4-2400, kusan 77GB ga kowace purosesa, bai ma kai biyun Ryzen ba.

Layukan PCIe kuma, wato hanyoyin da katin girafik da sauran na'urori ke bi su isa purosesa, su ne ke fara ƙarewa mutum bai ankara ba. 9950X 24 ya bar maka. Katin girafik ya kwashe 16, NVMe (ma'ajiyar SSD mai gudu) na farko 4, na biyu 4, shi ke nan an tashi kasuwa. Duk abin da ka ƙara bayan nan ko dai ya bi ta cibsit ɗin madabod (gutsuren da ke haɗa sauran ramuka da purosesa) su yi ta cunkoso a layi 4, ko kuma a raba na katin girafik ya koma 8 da 8. Threadripper PRO 128 gare shi, ka sa kati 4 kowanne da cikakken 16 ɗinsa, ka jera NVMe, ka sa katin netwok mai gudu, har yanzu da saura. Mutane da yawa da ke ɗaukar Threadripper ba don ƙwaya suke ɗauka ba, akwai ma 7945WX mai ƙwaya 12 kacal, ƙasa da Ryzen ɗinka, amma da hanyar RAM 8 da layukan nan 128.

Sai ECC, wato RAM mai gano kuskure ta gyara da kanta. Threadripper da EPYC ɗin nan dole ne ma irin RDIMM, wato RAM irin ta sabar, za ka sa musu, kuma ita ke ba su damar ɗaukar RAM har terabait. Ryzen yana karɓar ECC in madabod ɗin ya yarda, sai ka duba takardarsa. Kar dai wani ya ruɗe ka da cewa ai duk DDR5 tana da ECC, wancan na cikin gutsattsarin silikon ɗin RAM ɗin ne kawai, ba ya kare bayanin a hanyarsa ta zuwa purosesa.

Ba ka tambayi Intel na yanzu ba amma labarin kusan ɗaya ne. Core Ultra 9 285K na 2024 ƙwaya 24 ne a rubuce, saidai 8 ne manya 16 ƙanana masu tsimin wuta, tsarin da suka fara tun ƙarni na 12 a 2021, don haka kar ka jera 24 ɗinsa da 16 ɗin Ryzen kai tsaye. Yana da wani abu guda da mai bidiyo zai so, Quick Sync, wanda ke buɗe bidiyon H.265 mai 10-bit 4:2:2 irin wanda kyamarori da yawa ke ɗauka ba tare da ƙwayoyin sun wahala ba. Na wokisteshan ɗinsu kuma Xeon W ne, w9-3495X ƙwaya 56, hanyar RAM 8, layin PCIe 112.

Ni dai a aikin da ka lissafa 9950X zan ɗauka ban ko waiwaya ba, in sa masa RAM 64GB ko 96GB sanda biyu ba huɗu ba don DDR5 tana rage gudu in ka cika ramuka huɗun, sauran ƙarfina in zuba a katin girafik, domin Blender da DaVinci Resolve duk a kan kati suka fi jingina, kati mai kyau ɗaya yakan gama rendar da purosesa mai ƙwaya 64 ke fama da ita. VM uku kuwa ka ba kowacce ƙwaya 2 ko 4, ko a jikinsa. Ranar da ka ga kana neman ramin kati na uku, ko 192GB ta yi maka kaɗan, ko renda da CPU ta zama ita ce sana'ar dare da rana, to ranar ce ta Threadripper. Sabar ɗin kuma in kyauta za a ba ka karɓi abinka, ka kai ta wani ɗaki mai ƙofa, ka sa mata Proxmox, manhajar tafiyar da VM, ka koyi harkar VM da netwok a kanta, a nan kam ƙwaya 44 ɗin za su yi maka rana.