Gargaɗi kan masu tallar dodon koɗin tanki da alƙawarin za su saye 'ya'yan

Jama'a masu kiwon kifin ado, a yi hattara da wani talla da ke yawo a Facebook da WhatsApp. Sai a saka hoton dodon koɗi mai ratsin baƙi da rawaya, irin wanda ake kira nerayit, a ce ka sayi iyaye haɗe da ƙullin "abinci na musamman", ka zuba su a tankinka, in sun hayayyafa a dawo a saye 'ya'yan da riba. Sharaɗi ɗaya ne: kai za ka fara tura kuɗi.

Wannan ciniki ba mai yiwuwa ba ne, kuma mai tallar ya sani. Gaskiya ne nerayit yana yin ƙwai a ruwan daɗi, farare masu tauri kamar ƙwayar riɗi, manne a jikin gilashi da duwatsu. Amma 'ya'yan ba sa rayuwa sai a ruwa mai gishiri, irin na inda kogi ke shiga teku, kuma ko ƙwararru wuya suke sha wajen rainonsu. Shi ya sa yawancin waɗanda ake sayarwa kamo su ake yi daga inda suke zaune. Ƙwan nan shi ne tarkon. Mutum zai ga ya cika tanki, ya yi ta jira da murna. In ya gaji ya kira, a ce ruwansa ne bai yi ba, ya ƙara sayen abinci. Daga nan lambar ta daina shiga.

Abincin ma na banza ne. Nerayit gansakukar jikin gilashi da dutse yake kankara, da yawansu ba sa ko kallon abin da aka zuba musu, don haka sabon tanki fes yunwa ce ke kashe su a ciki. Garin da ba a ci ba sai ya ruɓe a ƙasa, guba mai suna amoniya ta taru, kifi su fara mutuwa. Abin da ɓawonsa ke so shi ne ruwa mai kalsiyam wanda ba shi da tsami.

Abin da ya fi damuna ba asarar kuɗin ba ce. Wasu daga cikinsu ba nerayit ɗin suke aikowa ba, ƙananan dodon koɗi ne da aka kwaso daga kududdufi ko magudanar ruwa, a ce maka "ai yara ne, launinsu zai fito". Waɗannan kam suna hayayyafa ba ƙaƙƙautawa. A ƙasashe masu zafi, dodon koɗin kududdufi irin su Bulinus da Biomphalaria su ne ke ɗauke da ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke ratsa fatar mutum in ya taɓa ruwan. Biomphalaria kuwa, da ɓawonsa faifai a nannaɗe, yana kama sosai da wani iri da ake sayarwa don ado. Tankin da yara ke tsoma hannu ba wurin gwaji ba ne.

Akwai kuma wani dodon koɗi mai suna Pomacea canaliculata, wanda ake sayarwa da sunan ɗan'uwansa marar ɓarna. Ana gane shi da curin ƙwai mai launin ruwan hoda garau da yake mannawa sama da ruwa, kuma yana cinye shukar tanki kaf. Shi ne ya addabi gonakin shinkafa a Asiya tun shekarun 1980, aka kuma tabbatar da ɓullarsa a gonakin Mwea na Kenya a 2020. Tarayyar Turai ta hana shigo da danginsa tun 2012. Duk mai ce maka in sun yi yawa ka juye su a tafki ko rafi, ba ya tausayin manomi ko kaɗan.

Kafin ka biya, nemi bidiyon dodon koɗin yana tafiya a tankin mai sayarwa, ka kuma tambayi sunansa na kimiyya. Wanda ya fara kame-kame, rabu da shi. In kaya sun iso, kada ka yarda da "barci yake yi" sai ka shinshina: mai rai yana riƙe marfin bakin ɓawonsa gam, matacce warinsa ba ya ɓuya. Ka ware sabbi a wani mazubi dabam na makonni, kana ƙara musu ruwan tankinka kaɗan-kaɗan kafin ka haɗa su, ka kuma tabbata ba a taɓa zuba maganin kifi mai sinadarin jan ƙarfe a tankin ba, don yana kashe su. Wanda aka riga aka damfara ya adana saƙonni da shaidar biya, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai rahoton shafin. Waɗanda aka aiko masa bai san asalinsu ba, ya sa safar hannu ya kwashe su, ya daskarar da su a firiza kafin ya zubar a shara.