Kallon bakin hanya ko gidajen tsoffin taraktoci: ina za a tsaya tsakanin Shikago da Dutsen Rushmore?

Assalamu alaikum, Malam. Ka ce Baba ya zo muku ziyara a Shikago, kana son ka ɗauke shi da maiɗakinka da yara uku a mota zuwa Dutsen Rushmore, dutsen nan na jihar Dakota ta Kudu da aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka huɗu a jikinsa, a ƙarshen watan Agusta, kwana takwas zuwa da dawowa. Kana tambaya wanne ya fi cancanta a tsaya a hanya: abubuwan ban mamakin nan da ake kafawa a bakin titi, ko gidajen da ake adana tsoffin injunan noma. Na sha bin yankin, kuma ni ma a gona na tashi, don haka tambayar ta zo mini daidai.

Abu na farko, kada ka bi hanya ɗaya zuwa da dawowa. Idan ka miƙa ta babban titin I-90 kai tsaye, tafiyar mil 900 ce da ɗoriya. Ka tafi ta kudu, ta I-88 da I-80, ka ratsa Iowa da Nebraska, sannan ka dawo ta arewa, ta I-90, ka ratsa Dakota ta Kudu da Minnesota. Ikon Allah, hanyoyin biyu sun raba maka amsar da kansu: injunan noma sun fi yawa a ta kudu, kayan kallon bakin titi kuma sun fi yawa a ta arewa.

Kayan bakin titi kasuwanci ne ya haife su, kuma ba sa ɓoye hakan. Dubi Wall Drug, a ƙaramin garin Wall na Dakota ta Kudu. A 1931 Ted Hustead da matarsa Dorothy suka sayi kantin magani a can, shekaru suka yi ta tafiya babu ciniki, ga motoci na wucewa zuwa tsaunukan Black Hills, inda Dutsen Rushmore yake, ba mai tsayawa. A 1936 matar ta ba da shawarar a kafa alluna a bakin hanya cewa akwai ruwan ƙanƙara kyauta. Shi ke nan, matafiya suka fara kwararowa. Yau wurin ya zama kamar kasuwa guda, har yanzu ruwan kyauta ne, kofi kuma santi 5, allunan tallarsa kuwa za ka yi ta ganinsu tun kana nesa da ɗaruruwan mil. Yara za su ƙirga su har su gaji. A garin Mitchell akwai Corn Palace, fadar masara, wadda aka fara a 1892, ginin da ke tsaye yanzu na 1921 ne, da ƙubbobi a kansa kamar na masallaci. Kowace shekara ana cire adon bangon a sake sabo da zangarniyar masara mai launi iri-iri, ana tsaga ta biyu a buga da ƙusa har ta fitar da hoto. A Alliance, can arewa maso yammacin Nebraska, akwai Carhenge, inda Jim Reinders da danginsa suka kakkafa tsoffin motoci kusan 40 a ƙasa a 1987, suka shafe su da fenti ruwan toka, suna kwaikwayon tsoffin duwatsun Stonehenge na Ingila, don tunawa da mahaifinsa. A Blue Earth ta Minnesota kuma akwai ƙaton mutum-mutumi kore mai tsawon ƙafa 55.

Amfaninsu a bayyane yake. Ba ka biyan kuɗin shiga, ba sa cin lokaci, minti 20 zuwa awa ɗaya ka gama, kuma suna zuwa ne a daidai inda dama dole ka tsaya: mai ya yi ƙasa, yara suna son kewayawa, lokacin sallah ya yi, ƙafar Baba ta kumbura da zama. Yaro ɗan shekara biyar bai buƙatar a yi masa bayanin ƙaton abu, ganinsa kawai ya ishe shi. Raunin kuma shi ne da zarar an ɗauki hoto, magana ta ƙare. Kuɗin da ba a karɓa a ƙofa ba, ana karɓarsa a kantin tsaraba, don haka ka yanke wa yara abin da kowa zai kashe tun kuna cikin mota. Sannan ka san halin Baba, wasu dattawanmu ba sa sakin jiki a gaban mutum-mutumi. Fadar masara ce kaɗai a cikinsu nake da tabbacin za ta tsayar da manomi, domin zai matso ya shafa masarar ya tambayi wane iri ne.

Gidajen injuna lamarinsu daban ne, kuma ga dalilin da ya sa na fi karkata gare su. Daga lokacin da ka bar Shikago za ka yi awoyi kana tafiya tsakanin masara da waken suya, dama da hagu har iyakar ganinka, amma ba za ka ga mutum ɗaya a gona ba. Babu mai noma, babu mai kai abinci, babu yaro mai korar tsuntsu. Na tabbata kafin ku tsallake kogin Misisipi Baba zai tambaya ina mutanen suke. Amsar wannan tambaya tana cikin gidajen nan. A shekarar 1900 wajen mutum 40 cikin 100 na ma'aikatan Amurka a gona suke, yau ba su kai 2 cikin 100 ba. Sai a 1954 yawan taraktoci ya wuce na dawakai da alfadarai a gonakin ƙasar. Ke nan abin bai daɗe ba, akwai tsofaffi da ransu da suka yi huɗa da doki suna yara.

Labarin ya fara daga maƙera. A Grand Detour, kusa da Dixon, ɗan ratse kaɗan daga I-88, nan ne wani maƙeri mai suna John Deere ya ƙera garmarsa a 1837. Ƙasar yankin baƙa ce mai danƙo, irin ta fadama, tana manne wa garmar da manoma suka zo da ita daga gabas, sai mutum ya yi 'yan taku ya tsaya ya kankare. Deere ya samo karyayyen zarton injin katako, ya lanƙwasa shi, ya goge shi ya yi sumul, ƙasa ta riƙa zamewa da kanta. An sake gina maƙerar a wurin, kuma akwai maƙeri da ke aiki a gaban baƙi. Wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ba sai an fassara masa komai a nan ba. A 1848 Deere ya koma Moline, a bakin Misisipi, wajen mil 165 daga Shikago, kuma a can ne John Deere Pavilion yake, wato gidan nunin injunan kamfanin da ya kafa. Shiga kyauta ne, kuma ana barin yara su hau manyan injunan zamani su zauna a kujerar direba. Ka sani dai na kamfani ne, don haka yabon kai yana da yawa a ciki. Duk da haka, tsayawa a gindin tayar injin girbi wadda ta kusa kai tsayinka yana gaya maka abin da ya kori mutane daga gona.

Wanda na fi so kuwa ƙarami ne, ba ya da allunan talla a hanya, kuma da yawa suna wuce shi ba su sani ba. Yana cikin harabar Jami'ar Nebraska a Lincoln, sunansa Larsen Tractor Test and Power Museum. Ga asalinsa. A farkon zamanin tarakta kamfanoni sun yi yawa, kowa na yi wa nasa kirari da ƙarfin da ba shi da shi. Wani manomi, Wilmot Crozier, ya sayi wata mai suna Ford, wadda ba ta da wata alaƙa da Henry Ford mai motoci, sunan kawai aka ara. Ta ƙi aiki. Da ya shiga majalisar dokokin jiha, sai ya tsaya tsayin daka har aka yi doka a 1919: duk samfurin taraktar da za a sayar a Nebraska sai jami'a ta gwada shi ta buga sakamako, kuma sai kamfanin ya tanadi kayan gyara a cikin jihar. Wadda ta fara cin gwajin a 1920 ita ce Waterloo Boy, mai shan kananzir. Gidan tarihin yana cikin ainihin ginin da aka fara gwajin, kuma har yau ana gwada sabbin taraktoci a filin da ke kusa.

Na daɗe a tsaye a wannan wuri. Duk wanda ya tashi a arewacin Najeriya ya san gawarwakin taraktoci da ke kwance ciyawa ta rufe su, an kawo su da biki da jawabi, damina biyu sun mutu saboda ƙaramin ƙarfe ɗaya da ba a samu. Mun taɓa haɗa taraktar Steyr a Bauchi, kuma jar Massey Ferguson kowane ƙauye ya san ta, don haka injin ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da manomin Nebraska ya gane tun fiye da shekara 100 shi ne sayen tarakta ba shi ne ƙarshen magana ba, sai an tilasta wa mai sayarwa gaskiya da kayan gyara. Ka fassara wa Baba wannan labarin a tsanake, zai ba ka nasa labaran da ba ka taɓa ji ba.

A gidaje irin waɗannan ka nuna wa manyan yara abu biyu. Na farko tayoyin ƙarfe masu haƙora, domin sai a 1932 aka fara sayar da tarakta da tayar roba. Na biyu hannuwan ƙarfe uku na bayan tarakta da ake rataya garma, dabarar Harry Ferguson ce, ta bazu da Ford 9N a 1939, kuma ita ce dai a bayan taraktar da ake haya a garinku.

Akwai wuri ɗaya da ya haɗa biyun, Pioneer Village a Minden ta Nebraska, wajen mil 13 kudu da I-80 a kusa da Kearney. Harold Warp, ɗan yankin da ya yi arziki da sana'ar leda a Shikago, ya buɗe shi a 1953. Gine-gine sun haura 20, kayan ciki wajen 50,000, an jera su bisa tsarin shekaru, daga keken doki zuwa jirgin sama, da taraktoci jere-jere, har da gidan da aka gina da ɓawon ƙasa mai ciyawa irin na mutanen farko. Ana biyan kuɗin shiga, wurin ya tsufa, kuma rabin yini zai ci maka. Idan maiɗakinka ba ta damu da injuna ba, nan ne za ta sami nata abin kallo, tsoffin murhuna da kekunan ɗinki da kayan kicin.

Wahalar gidajen tarihi ita ce lokaci. Kowanne na son awa biyu zuwa huɗu, suna rufewa da yamma, wasu ba sa buɗewa kowace rana, don haka sai ka duba ranakunsu ka tsara kwananku a kai. Ƙaramin yaro kuma bayan tarakta ta goma duk ɗaya suke a idonsa. Shi ya sa ban ba ka shawarar ka shiga kowanne ba. Gidan taraktoci na garin Waterloo a Iowa yana da kyau, amma ratse ne na fiye da awa ɗaya arewa da I-80. Idan kun yi ratsen, a Cedar Rapids da ke kan hanyar akwai masallacin da aka gina a 1934, wanda ake kira Uwar Masallatan Amurka, ya cancanci ziyara.

Injin da ke tsaye shiru a ɗaki bai kai wanda ke aiki ba. Idan za ka iya karkata ranakunka, a Mount Pleasant ta Iowa ana yin taron Midwest Old Threshers tun 1950, kwana biyar da ke ƙarewa ranar Litinin ta farko a Satumba. Ana hura wa injunan tururi wuta, a ɗaura doguwar bel daga injin zuwa na'urar casa, ana zuba dami tana fitar da tsaba gefe, ƙaiƙayi gefe, ga hayaƙi ga ƙara. Aikin sussuka da shiƙa da ke cin mata kwanaki a gida, Baba zai ga yadda aka fara yinsa cikin mintuna.

Da ni ne, rana ta farko Grand Detour da Moline, ku sha mai a Iowa 80 da ke Walcott, babbar tashar manyan motoci da ba ta kai rabin awa daga Moline ba. Lincoln da safe a rana ta uku, Minden da rana. Daga nan sai titi mai lamba 2 ta cikin tuddan yashi na Sandhills zuwa Carhenge, kuma ka cika tanki kafin ka shiga domin garuruwan suna da nisa da juna. A dawowa, lokacin kowa ya gaji ba mai son karanta bayani a bango, sai Wall Drug da fadar masara su yi muku amfani. Ku riƙe abincinku a kula, don naman alade ya yi yawa a gidajen abincin ƙauyukan nan, kuma ka tuna agogo yana komawa baya da awa ɗaya a yammacin Nebraska, ka gyara lissafin lokutan sallah. Ka gaida mini da Baba, Allah Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.