MCP Inspector a shagon hatsi: abin da ya nuna min da inda ya tsaya

Duk mai shirin haɗa wakilin AI (manhajar AI da ake ba umarni ta aiwatar da aiki da kanta) da manhajar kasuwanci, ina ba shi shawara ya fara bi ta MCP Inspector, manhajar gwada kayan aikin da za a ba wakili, kafin ya bar wakilin ya taɓa kuɗin kowa. Kyauta ne, lambobinsa a buɗe suke, manhajar Node.js kawai yake buƙata a kwamfuta, sai ya buɗe a burauza. Mutanen da ke kula da tsarin MCP ne suka yi shi, wato tsarin da Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024 don wakilan AI su riƙa kiran kayan aikin manhajoji, wanda OpenAI ma ya karɓa a Maris na 2025.

Aikina a nan Garwa shi ne kula da manhajar wani Alhaji mai sayar da shinkafar Yagwa da gero da albasa, yana loda motoci zuwa Kusri, wasu su haye gada su shiga Injamena. Yana so ya riƙa faɗa wa waya "duba bashin wane, ka tura masa saƙo", ta aikata. Kayan aikin duba kaya da rubuta bashi nawa ne, amma na neman biya ta waya na wani kamfani ne da muke biya wata-wata.

A MCP kowane kayan aiki abu uku yake nuna wa wakili: sunansa, ɗan bayanin abin da yake yi, da jerin guraben da za a cike. Shafin kamfani mai hotuna da bidiyo, ko lambar da ake kira a yi tambaya, duk wakili bai san da su ba. Kamar sabon yaron shago ne da aka ba shi 'yar takarda aka tura kasuwa: abin da takardar ta yi shiru a kai, da ka zai cike shi. Babban amfanin Inspector shi ne yana ajiye maka wannan takardar a gabanka yadda take, ba ado.

Da na latsa jerin kayan aikin kamfanin nan, sai ga bayanin neman biya layi ɗaya tak, gurbin kuɗi kuma an rubuta masa "amount", lamba, shi ke nan. Sefa ko ɗaya bisa ɗarin sefa? Ba a faɗa ba. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Yawancin misalan biyan kuɗi da wakilan nan suka koya na dala ne da yuro, inda ake tura adadi da ƙananan sulalla, dala 10 ta zama 1000. Sefarmu ba ta da wannan rabon. A ƙa'idar kuɗaɗen duniya ta ISO 4217, XAF, wato sefarmu, ba ta da lamba bayan waƙafi, shi ya sa kamfanin biyan kuɗi ta intanet Stripe ya jera ta a fili cikin kuɗaɗen da ba a ninkawa da 100. A asusun gwaji na ce wa wakili ya nemi sefa 25,000 daga wani mai saye, ya tura 2,500,000. Da na nuna wa Alhaji allon, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, wannan da ya isa wayar mutumin nan, da wane ido zan dube shi a masallaci?"

Haka gurbin lambar waya. Ta Kamaru lamba 9 ce mai farawa da 6 bayan 237, ta Cadi 8 ce bayan 235, bayanin kuwa bai ce a sa lambar ƙasa ko a bari ba. Ga kuma rubutun Faransanci da muka saba, inda 12.500 ke nufin dubu goma sha biyu da ɗari biyar, manhaja kuma ta karanta goma sha biyu da rabi.

Abin da ya fi burge ni shi ne damar cike guraben da hannu, ka tura, ka ga amsar da ta dawo harafi da harafi. Da gangan na tura lambar Cadi ba 235. Amsar ita ce kuskure 400, ba ƙarin bayani. Mutum zai kira kamfani. Wakili kuwa sake turawa zai yi ta yi yana canza abubuwa da ka. A wurinmu da rezo (sabis ɗin waya) ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki, sake turawa na iya sa a nemi biya sau biyu. Tsarin MCP na Maris 2025 ya tanadi alamun da ke nuna ko kayan aiki karatu kawai yake yi, ko yana goge abu, ko maimaita shi ba ya ƙara komai. Kamfanin bai cike ko ɗaya ba.

Amma kada a ɗauka alƙali ne. Inspector ba ya ba bayani maki, ba ya ce maka wannan jimla za ta ruɗa wakili. Yana gwada ko kayan aiki na amsawa. Ko wakili ya fahimta kuwa, sai ka haɗa shi da wakilin gaske, ka ba shi umarni yadda Alhaji ke magana, Hausa da Faransanci a gauraye, ka duba wane kayan aiki ya zaɓa da abin da ya cike. Allonsa duk Turanci ne, abin da ke wahalar da ƙannenmu da suka yi karatu da Faransanci, kuma saukewar farko tana son intanet mai ƙarfi.

Na lulluɓe kayan aikin kamfanin da nawa bayanin: kuɗi sefa ne cikakke ba waƙafi, lamba ta fara da 237 ko 235, ga misali ɗaya na kowace ƙasa, kada a maimaita neman biya sai an duba matsayin na farko. Da wannan wakilin ya daina ninka kuɗi a gwajin da na yi. Na tura wa kamfanin hoton allon Inspector da gyaran da nake nema, kuma kafin su amsa, duk neman biya sai Alhaji ya ga adadin ya latsa amincewa da hannunsa.