Birkin hannun Accord da na Camry: me ya sa fistin ɗaya ke ƙin komawa?

Ɗan'uwa, ka ce kun zo canja fad ɗin birkin baya na Accord ɗinka ta 2005, yaron gareji ya yi ta danna fistin amma ya ƙi shiga, alhali na Camry ɗin maƙwabcinka matsa ɗaya aka yi ya koma. Kana tambaya ko kalifarka ce, wato ƙarfen da fistin ke ciki mai matse fad a jikin faifan birki, ta mutu. Lafiyarta ƙalau, ƙirar ce ba ɗaya ba.

A Camry mai faifai a baya, kamar ta 2007, ba ruwan kalifa da birkin hannu. Tsakiyar faifan ƙaramar ganga ce, a cikinta akwai shu biyu, wato lanƙwasassun fad masu danne cikin gangar, su wayar birkin hannu ke buɗawa. Shi ya sa fistinta ke komawa salin alin. Tsofaffin Marsandi da BMW ma haka suke. Sai dai wannan ƙirar ba ta saita kanta. In sandar birkin hannu ta fara tashi sama da yawa, sai a cire taya, a zura sukudireba ta rami, a juya wani ɗan gargare mai haƙora.

Ita kuwa Accord, da Golf 4, fad ɗin da ƙafa ke takawa shi hannu ke ja. A bayan kalifar akwai ɗan hannun ƙarfe da waya ke ja, shi yake tura wani sukuru, sukurun kuma yana cikin wani dogon noti da ke zaune a cikin fistin. Tiredinsu, wato zanen da noti ke bi a jikin sukuru, mai gangara ne sosai, notin na iya juyawa da ɗan ƙaramin ja. Idan fad ya ci, ka taka birki, man birki zai turo fistin gaba fiye da da, sai notin ya ɗan warware ya biyo shi, ya cike gibin. In kuma hannu ka ja, ƙarfin daga baya yake zuwa, kan notin ya manne da cikin fistin ya kasa juyawa, sai su tafi tare su danne faifai. Ka ga ashe kullum kana tuƙi tana saita kanta, har fad ya kusa ƙarewa sandar ba ta canja tsayi.

To fistin da ya hau tiredi ya fito, ta tiredi zai koma. Duba fuskarsa, za ka ga tsaga. Nan ake sa abin juyawa, a murɗa ana dannawa a hankali, yawanci ta hannun agogo. Na taɓa ganin kalifar da aka matse da ƙarfin tsiya: da muka buɗe, notin ya ci, hannun ƙarfen yana lilo, mai motar ya dawo ɗora wa taya dutse. Abin ya ba ni takaici, don aikin minti biyar ne ya zama sayen kalifa.

Bayan an murɗa, in fad ɗin na da ɗan ƙullutu a bayansa, a daidaita tsagar ya faɗa ciki. A taka birki sau da yawa har ya yi tauri, sannan a taɓa birkin hannu.

Kuma don Allah kada ka bari a ɗaure waya don a rage tsayin sanda. In wayar ta yi tsauri, hannun ƙarfen ba zai koma mazauninsa ba, saitin ya rikice, fad ya riƙa gogar faifai har rim ya ɗauki zafi.

A nawa ganin, a hanyoyinmu masu ƙura da ruwan damina, ƙirar Camry ta fi jure sakaci. Ta Accord ta fi hutar da mai ita, amma tana son kulawa: roba ta yage, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama ta. Tunda taka otomatik ce, kada ka dogara da P kaɗai. Duk inda ka yi fakin, ja birkin hannun, don hannun ƙarfen da wayar su riƙa motsi.